Kiwon Kifin Teku a Gida: Yadda Na'ura Ke Haɗa Ruwan Gishiri

Jama'a, da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin akwatin gilashi cike da ruwa, ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawowa a ciki, ko a otal ko a ɗakin jiran wani ofis. Akasarin waɗanda ake gani a nan Gana kifayen ruwan daɗi ne, watau na kogi da tabki, kuma kiwonsu ba ya da wata wahala ta a zo a gani. Amma akwai wani kiwon da ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, shi ne kiwon kifin teku da murjani a cikin ɗaki. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan wannan abin sha'awa ne na mutane masu ɗimbin yawa. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa masu irin wannan kiwo sun kai miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu, kuma a kowace shekara ana cinikin kifayen ado na teku miliyan 20 zuwa 24.

Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san cewa mai kiwon kifin teku, a gaskiya ruwa yake kiwo. In ruwan ya yi daidai, kifi ya ci ya yi ƙiba. In ruwan ya kauce ko da kaɗan ne, sai a wayi gari a tarar da gawarwaki. To, yaya mutum zai haɗa ruwan teku a gidansa, kuma me ya sa masu kiwon suka koma ɗora wannan aiki a kan na'ura? Wannan shi ne abin da za mu duba a wannan wata.

Me ke cikin ruwan teku?

A cikin kowane kilo ɗaya na ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Kashi 85 cikin ɗari na wannan gishiri sodiyam ne da kuloraid, watau sinadaran gishirin miya da muka sani. Sauran kuwa su ne salfet da maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam, da wasu masu yawa da ake samu ɗan kaɗan kaɗan. Alal misali, maganiziyam bai wuce giram 1.3 a kilo ba, kalsiyam kuma wajen giram 0.4, amma da kalsiyam ɗin nan ne murjani yake gina ƙashinsa.

Tsakanin 1872 da 1876 wani jirgin ruwa na Ingila mai suna Challenger ya zaga duniya yana ɗibar ruwa daga tekuna dabam-dabam. Wani masanin sinadarai a birnin Gilasgo, William Dittmar, ya auna kwalabe 77 na wannan ruwa, ya bayyana sakamakonsa a 1884. Abin da ya gano shi ne, ko da wani teku ya fi wani gishiri, rabon sinadaran da ke ciki kusan ɗaya ne a ko'ina. Ke nan halittun teku sun saba da ruwan da ba ya canza hali. Akwatin gilashi mai cin lita 300 kuwa ba shi da wannan girma da zai shanye kuskure.

Mai karatu zai iya cewa, ai gishiri na nan jibge a kasuwa, daga Ada da Keta da Elmina, kuma daga teku aka samo shi, me zai hana a zuba shi a ruwan famfo? Amsar tana cikin yadda ake yin gishirin. Idan aka tare ruwan teku rana tana ƙafar da shi, sinadaran ba sa fita lokaci guda. Masu kalsiyam su ke fara kwantawa, sannan gishirin miya ya biyo baya, shi ne ake kwashewa. Ruwan da ya rage mai ɗaci, wanda yake ɗauke da mafi yawan maganiziyam da fotasiyam, ba ya shiga buhu. Saboda haka gishirin kasuwa ɓangare ne kawai na teku. Masu kiwo suna sayen wani gishiri na musamman da aka harhaɗa a masana'anta, wanda ya ƙunshi dukkan sinadaran bisa ma'auni.

Daga jirgin ƙasa zuwa buhun gishiri

Wahalar samun ruwan teku tsohuwa ce. A shekarar 1846 wata baiwar Allah a Ingila, Anna Thynne, ta ɗauko murjani mai rai daga bakin teku ta kai gidanta a birnin Landan. Da fari aiko mata da ruwan teku ake yi. Daga baya ta lura cewa ruwan yakan farfaɗo in ana juye shi daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga, sai ta sa mai aikin gidanta tana yin haka kullum na wajen rabin sa'a ko fiye. Ta haka ta riƙe halittun nan da rai har shekaru. A 1853 gidan ajiye namun daji na Landan ya buɗe wa jama'a ɗakin kallon kifi, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya wallafa hanyar haɗa ruwan teku da hannu don amfanin waɗanda ke nesa da gaɓa.

Duk da haka, lokacin da aka buɗe gidan kallon kifi na Shedd a birnin Shikago na Amurka a 1930, da jirgin ƙasa aka yi ta jigilar ruwan teku daga Key West a jihar Fulorida, tafiyar fiye da kilomita dubu biyu. Sai a shekarun 1960 aka fara sayar da gishirin da aka harhaɗa mai inganci, irin su Instant Ocean. Da irin wannan gishiri ne aka cika gidan kallon kifi na birnin Atlanta da aka buɗe a 2005, wanda babban tankinsa kaɗai yake cin lita kusan miliyan 24, alhali birnin ba ya kusa da teku.

Mu da ke zaune a Ankara ko Takoradi teku na ƙofar gidanmu, amma ruwan gaɓar babban birni ba abin dogaro ba ne. Duk wanda ya ga abin da ke fitowa daga tabkin Korle yana shiga teku ba ya bukatar dogon bayani. Ga shi kuma da damina ruwan sama da na koguna suna tsinka ruwan gaɓa, gishirinsa ya ragu.

Dalilin da ya sa ba a wasa da ma'auni

Jinin kifin teku bai kai ruwan da yake ciki gishiri ba, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Ɗalibanmu da suka yi darasin kimiyya sun san cewa ruwa yakan ratsa tantani ya bar inda gishiri yake kaɗan ya koma inda yake da yawa. Saboda haka kifin teku kullum ruwan jikinsa yana tsiyaya, kamar yadda yankakken tumatir yake fid da ruwa in an barbaɗa masa gishiri. Don ya rayu, dole ya yi ta shan ruwan teku, yana fitar da gishirin ta jajayen sassan nan na gefen kansa da yake numfashi da su. In gishirin ruwa ya hau ko ya sauka farat ɗaya, wannan aiki yakan rikice masa. Murjani da sauran halittu marasa ƙashin baya sun fi shi rauni, domin gishirin jikinsu yana bin na ruwan da suke ciki ne.

Abubuwa biyu ke ɓata ruwan akwati. Na farko shi ne ƙafewa. Ruwa yakan bi iska ya tafi, gishiri kuwa yana nan daram, kamar dai yadda ake samun gishiri a Songor ko a Bilma. Bari mu yi ɗan lissafi. Akwati mai lita 300 in ya rasa lita 15, gishirinsa zai tashi daga 35 ya kusa kai 37. Ƙaramin akwati mai lita 40 kuwa lita biyu kacal zai rasa ya kai wannan matsayi, abin da zai iya faruwa cikin 'yan kwanaki a lokacin hunturu. Don haka abin da ya ƙafe da ruwan daɗi zalla ake mayar da shi. Wanda ya cika da ruwan gishiri ya ƙara wa wuta mai.

Na biyu shi ne ƙazanta. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a kan duwatsun akwatin suna mayar da ita wani sinadari mai sauƙin illa da ake kira naitiret, amma shi ma taruwa yake yi. A gefe guda kuma murjani yana cinye kalsiyam. Maganin da aka saba shi ne a riƙa kwashe kashi goma cikin ɗari na ruwan duk mako ko mako biyu, a zuba sabo. Ga mai lita 300 da ke canjawa duk mako, wannan ya kama lita 1,560 a shekara, watau bokiti 78 masu cin lita 20, da gishiri kusan kilo 60. Ɗan Adam kuwa yakan gaji, yakan yi tafiya, yakan manta. A nan ne na'ura ta shigo.

Matakai huɗu na aikin na'ura

Mataki na farko shi ne tace ruwa. Ruwan famfo yana da kulorin da ake zubawa don kashe cututtuka, wani lokaci kuma yakan ɗauko jan ƙarfe daga bututu, shi kuwa jan ƙarfe ko ɗan kaɗan ne yana kashe murjani da jatan lande. Saboda haka ruwan yakan bi ta matatai a jere. Ta farko tana tare laka, ta biyu ta gawayi ce tana shanye kulorin, ta uku wani tantani ne mai matuƙar laushin ƙofofi wanda ake tura ruwa ta cikinsa da ƙarfi, ta huɗu kuma wasu ƙananan ƙwayoyi ne kamar gero da ke tsince sauran sinadaran da suka kuɓuce. Wasu masana biyu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su suka ƙera tantanin farko mai amfani wajen shekarar 1960. Irin wannan dabara ce masu kamfanonin ruwan leda da yawa suke amfani da ita, kuma a kanta aka gina matatar ruwan teku ta Teshie da aka buɗe a 2015. Akwai ɗan ma'auni da ke nuna abin da ya rage a cikin ruwan, kuma mai kiwo yana so ya ga sifili.

Mataki na biyu shi ne tarawa. Ana ajiye durom biyu na roba, ɗaya na ruwan daɗi, ɗaya na haɗawa. Ba a amfani da na ƙarfe, domin gishiri yana cin sa. Matatar tana ɗiga ruwa a hankali cikin durom na farko, in ya cika sai wata ƙwallon roba mai iyo, irin ta tankin ruwan saman gida, ta tashi ta toshe bakin bututu. Masu lura sukan ƙara wani bawul na lantarki da ke rufe ruwan tun daga tushe.

Mataki na uku shi ne haɗawa. Ƙaramin injin famfo yana kwaso ruwa zuwa durom na biyu, sannan a zuba gishiri, wajen giram 35 zuwa 40 ga kowace lita gwargwadon irin gishirin, watau kilo uku da rabi zuwa huɗu ga lita 100. Ka'ida ita ce a fara zuba ruwa sannan gishiri ya biyo a hankali. In aka yi akasin haka, kalsiyam yakan dunƙule ya zama farin alli ya kwanta, kuma ba ya sake narkewa. Wani injin yana ta juya ruwan na sa'o'i, wasu ma har kwana guda, har ya yi garau, kuma zafinsa ya zo daidai da na akwatin, tsakanin digiri 24 da 27. Daga nan a auna. Da can ana amfani da wani ɗan ma'auni mai iyo, wanda ake so ya nuna wajen 1.026. Yanzu an fi amfani da wani abu kamar gajeren madubin hangen nesa, a ɗiga masa ruwa a leƙa, ko kuma wani sanda da ake tsomawa wanda yake auna yadda lantarki ke ratsa ruwan, tun da yake ruwa mai gishiri ya fi ɗaukar lantarki.

Mataki na huɗu shi ne canji da ciko. Akwai wani irin famfo mai matse siririn tiyo yana tura ruwa kaɗan kaɗan, kamar yadda ake tatsar nonon saniya. Ana haɗa guda biyu, ɗaya yana fid da tsohon ruwa, ɗaya yana shigar da sabo daidai wa daida. Maimakon lita 30 a rana ɗaya, sai a riƙa canza lita huɗu da ɗan wani abu kullum, kifin ma ba zai san an yi ba. Wani idon lantarki kuma yana gadin bakin ruwa, da ya ga ya sauka sai ya ta da famfon ciko daga durom ɗin ruwan daɗi. Duk waɗannan ana haɗa su da wata ƙaramar kwamfuta. Akwai na saye irin su Apex na Amurka da ProfiLux na Jamus. Masu ƙaramin ƙarfi da ɗalibai kuma sukan haɗa tasu da allunan Arduino, waɗanda aka fara yi a Italiya a 2005, ko Raspberry Pi da ya fito a Ingila a 2012. Kwamfutar tana iya aika wa mai ita saƙo a waya in wani abu ya kauce.

Inda na'ura ta gaza

Abin mamaki, aikin da ya fi kowanne sauƙi a ido, watau zuba gishiri, shi ne ya fi ba na'ura wuya. Wannan gishiri yana jan laima daga iska. Uwayenmu mata sun san yadda gishiri ke jiƙewa a kwano da damina, to wannan ya fi shi, saboda sinadaran maganiziyam da kalsiyam da ke cikinsa. In aka bar shi a buɗaɗɗen mazurari don inji ya riƙa zubawa, sai ya daskare ya toshe hanya. In kuma aka ce a narka shi da kauri a ajiye a riƙa tsinkawa, allin nan zai kwanta. Shi ya sa akasarin masu kiwo suke barin na'ura ta yi komai, amma gishiri su auna a sikeli su zuba da hannunsu.

Daɗin daɗawa, na'ura ba ta san ta yi kuskure ba. Dodon koɗi yana iya hawa kan ƙwallon da ke gadin bakin ruwa, ko busasshen gishiri ya maƙale ta, famfon ciko ya yi ta zuba. Lita 30 na ruwan daɗi in suka shiga akwati mai lita 300, gishiri zai faɗo daga 35 zuwa ƙasa da 32, ga kuma ambaliya a ɗaki. Sandan awo ma yakan fara ƙarya in ya yi datti ko kumfar iska ta maƙale masa, kuma awonsa yana canjawa da wajen kashi biyu cikin ɗari ga kowane digiri ɗaya na zafi, sai an gyara lissafin. Saboda haka gwanaye suna bin wasu dokoki. Kowane mai gadi a sa masa na biyu a bayansa. A ƙayyade wa famfo mintocin da ba zai wuce ba ko da me ido ya gaya masa. Kada durom ɗin ciko ya fi abin da akwatin zai iya ɗauka ba tare da ɓarna ba. A riƙa gwada ma'auni da wani ruwa na musamman da aka san gishirinsa 35 ne. Sannan duk wayoyin lantarki su bi ta makunnin nan mai yanke wuta da kansa, domin ruwan gishiri da lantarki in sun haɗu suna kisa.

A ƙasa irin tamu akwai ƙarin matsaloli uku. Wanda ya ga ɗauke-ɗauken wutar da aka sha a 2015 ya san cewa ba a dogara da wuta ɗari bisa ɗari, kuma in injin da ke motsa ruwa ya tsaya, iskar numfashi tana iya ƙarewa cikin sa'o'i kaɗan, don haka batir ko janareto wajibi ne. Na biyu, mu zafi ne damuwarmu, sai an sa fanka ko injin sanyaya ruwa, ita kuwa fanka tana ƙara saurin ƙafewa. Na uku, matatar gida takan zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai tsabta. A unguwar da mata da yara suke bin layi da jarka, barin wannan ruwa ya bi kwata abin kunya ne. A tara shi a yi wanki da shara da ban-ruwan shuka.

Ran da ke cikin gilashi

Kada mu manta da inda kifin ya fito. Kifayen ado na ruwan daɗi yawancinsu a gona ake ƙyanƙyashe su, amma yawancin nau'o'in na teku daga cikin duwatsun murjani ake kamo su, musamman a Indonesiya da Filifin. Wasu masunta har gubar sayanaid suke fesawa don kifin ya suma, abin da ke kashe murjani da wasu kifayen, ko da yake doka ta hana. Wani ɗan kifi mai zane baƙi da fari na tsibiran Banggai a Indonesiya, yawan kamu ya sa a 2007 aka shigar da shi jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa. Ke nan duk kifin da ya mutu saboda sakacin ma'auni, wani ne za a sake kamowa daga teku ya maye gurbinsa. Abin farin ciki shi ne yanzu ana ƙyanƙyashe wasu a gona, ciki har da ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin zane wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa ya yi suna.

Shawarata ga matasanmu masu sha'awa ita ce su fara da kifin ruwan daɗi su ga ko za su jure hidimar. Wanda ya nace sai na teku, to ya tanadi matata da ma'auni da batir kafin ya sayi kifi ko ɗaya, ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gona, ya kuma ajiye littafin da zai riƙa rubuta awonsa duk mako ko da yana da kwamfuta. In ba zai iya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga 'yan'uwana malamai kuma, wannan darasi ne da ba ya cin kuɗi. A auna giram 35 na gishiri a narka cikin ruwa giram 965, a zuba a faffaɗan kwano, a sa alama a bakin ruwan, a ajiye a taga. Duk safiya yara su auna abin da ya ragu, su lissafa inda gishirin ya kai, sannan su faɗi ruwan daɗi nawa za a zuba ya koma yadda yake. Yaron da ya iya wannan lissafi ya riga ya fahimci aikin da duk waɗancan na'urori suke yi.